Sansar Motar Mamuda

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari tsakanin Talata Mafara da Maradun ya san Malami Bakanike. Garejinsa na nan gindin wata tsohuwar darbejiya a bayan tashar mota, kuma shekara talatin da ɗoriya ke nan yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Shi da kunne yake gyara. In ka kawo masa mota ba ya tambayarka abin da ya same ta, sai dai ya ce ka tayar, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma, can ya ce, "Fulogi na ukku ne," ko kuma, "Tana shan iska ta gefe." A buɗe a duba, wallahi haka ɗin ne. To, mutum in ana yawan gaya masa ya iya sai ya yarda, Malami kuwa ya yarda ƙwarai da gaske. Da aka fara zancen wani Murtala a Bakura mai jona wa mota na'ura ta faɗa masa ciwonta, dariya Malami ya yi har da dukan cinya, ya ce wanda Allah Ya ba kunne me zai yi da talabijin a cikin mota.

Ƙanensa ɗaya ne tak a duniya, Mamuda, kuma shekara goma sha huɗu ce tsakaninsu. Da mahaifinsu ya rasu Mamuda bai ko yi kaciya ba, Malami ne ya raine shi, shi ya koya masa tuƙi, shi ya yi masa aure. Mamuda na zaune a Maradun tare da tsohuwarsu, Inna Hindu, da matarsa Bilkisu, yana jigilar fasinja da wata farar mota 'yar Kwatano zuwa Kaya da Gidan Goga. Wannan hanya kuwa kowa ya san halin da take ciki na 'yan bindiga. Direbobi sun daina tafiya ɗaiɗai, sai sun haɗu uku ko huɗu su bi juna, kuma ƙa'idarsu guda ce: in aka ga abin da ba daidai ba, kowa ya take totur, ba a tsayawa.

Wata Talata cikin bazara, ranar kasuwa, gari ya cika ya batse, Mamuda ya kawo motar a juye mata baƙin mai a duba birki. Ya miƙa wa yayansa makulli ya shige kasuwa sayo wa Inna goro da man zafi. Bai jima da tafiya ba sai ga Alhaji Tukur, wani mai fataucin hatsi, da mota irin ta Mamuda sak, tana fizga tana tari. Alhaji ya ce da safe lafiya lau take tashi, amma da zarar rana ta take, inji ya ɗau zafi, in ya taka totur sai ta riƙa fizga, wani lokaci ma ta mutu ɗungum. Ga shi Sakkwato zai tafi, an kwantar da 'yarsa a asibiti.

Malami ya saurara, ya ce, "Ko maƙogwaro ya yi datti, ko sansa ce."

Maƙogwaro shi ne abin da kanikawa ke ce wa totur-bodi, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga inji. In ka taka totur wani ɗan faifai a ciki ya buɗe, in ka saki ya rufe. Sansa kuwa 'yar baƙar aba ce da ba ta kai kwalin ashana ba, an ɗaure ta a gefen maƙogwaron da noti biyu. Aikinta ta riƙa gaya wa ƙwaƙwalwar mota iya yadda ƙofar ta buɗe, don a turo mai daidai da iskar. In ta yi ƙarya, ta ce ƙofa a rufe take alhali direba ya take totur har ƙasa, sai ƙwaƙwalwa ta yanke mai.

Malami ya kwance maƙogwaron ya wanke shi tas da fetur, ya mayar, motar ta ci gaba da fizgarta. Saura sansa ke nan. Su kuwa kanikawanmu suna da al'ada, ba a aika mutum ya sayo kaya sai an tabbatar, kuma hanyar tabbatarwa ita ce a ciro irinsa daga wata motar a sa a gani. Ga motar Mamuda nan tsaye, bonet a buɗe. Malami ya kwance noti biyu, ya ciro tata ya ɗaura wa ta Alhaji. Aka tayar, aka zagaya da ita har bakin titin Sakkwato aka dawo, ko gezau, inji sai kuka yake mai daɗi.

Alhaji Tukur ya riƙe hannun Malami da hannu biyu, ya ce, "Don Allah don Annabi kada ka sake taɓa ta. Bar mani ita haka in isa ga yarinyar nan."

Da motar baƙo ce aka ciro wa, Malami ba zai ko fara ba, shi mutum ne mai amana. Amma ta Mamuda ai ta gida ce, kuma kowa ya san na gida shi ke jira, shi ya sa 'ya'yan tela ke zuwa Idi da ɗinkin bara. Ya ce wa Alhaji ya tafi, Allah Ya ba yarinya lafiya. Ya ɗauki tsohuwar sansar Alhaji ya goge ta, ya hura mata iska, ya ɗaura wa motar ƙanensa. Ya murɗa makulli, injin da ya huce tun safe ya tashi lafiya lau. Ya ce a ransa ran Alhamis akwai mai zuwa Gusau, sai ya ba da saƙo a sayo sabuwa.

Da Mamuda ya dawo da ƙullin goro a hannu, maganar tana bakin Malami, sai ga wata motar an turo da hayaƙi a bonet, masu ita na ta kururuwa. Mamuda ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, lafiya lau dai ko?"

Malami ko waiwayowa bai yi ba, ya ɗaga masa hannu da sifana ya ce, "Tafi abinka, ta fi ka lafiya."

Alhamis ta zo, mai zuwa Gusau ya fasa tafiya, Malami kuma aiki ya sha masa kai ya manta.

Ran Juma'a ana saukowa daga masallaci wayarsa ta yi ƙara. Kafin la'asar yana Maradun, kafin magariba an kai Mamuda makwancinsa. Malami bai yi kuka ba a ranar, shi ne babba, shi ke karɓar gaisuwa, shi ke cewa, "Haƙuri sai ma'abucinsa, mun gode." Sai ranar sadakar uku, ana zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, wani Buba, makiyayi daga wajen Gidan Goga wanda ke cikin motar ranar, ya zo da ƙafa a ɗaure ya ba da labarin yadda abin ya faru.

Buba ya ce, "Motoci ukku munka taso, mu ne na ƙarshe. Rana ta take, mota ta yi kaya. Muna gangarawa wani kwazazzabo sai ga su sun fito daga sabara. Na gaba sunka take wuta sunka wuce, ko ƙwarzane babu. Mamuda ma ya take, na ga ƙafarsa har ƙasa, sai motar ta fizga sau biyu ta mutu. Ya ce mana kowa ya ruga. Munka ɓalle ƙofofi munka faɗa daji. Shi kuwa akwai wata tsohuwa a baya da ba ta iya gudu, sai ya tsaya shina ta murɗa makulli. Har na yi nisa ina jin motar tana ta gurnani ba ta kama ba. Can na ji harbi."

Jama'a suka ɗauki salati, wani ya ce kwana ne ya ƙare, wani ya ce ai shahada ya yi. Malami kuwa kalma uku ya ji a duk labarin, rana ta take, ya taka, ta fizga, kuma ya san inda ya taɓa jin su. Ya miƙe kamar zai kama ruwa, ya zagaya bayan gida ya dafa katanga, ya yi amai.

Allah sarki Malami. Daga ranar abinci ya daina wuce masa, in an kawo mota ya karkata kai ba ya jin komai sai gurnanin da Buba ya faɗa. Wani lokaci ya ce wa kansa ai abubuwan da ke kashe mota a hanya sun fi goma, ga gurɓataccen man 'yan bumburutu, ga famfon mai, ga waya da ɓera kan ci. Sai ya ɗan samu sauƙi na rabin yini, can kuma zuciyar ta ce masa, "Kai ma ka san abin da ka ɗaura." Bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa. An jawo motar tun a makon farko an ajiye ta a ƙofar gidan Inna, gilashin gaba da huda biyu, an rufe ta da buhuna. Duk zuwan da zai yi sai ya kawar da kai ya shige. Shi da ke gane ciwon motar kowa, ya kasa ɗaga bonet ɗin wannan, don ya san ko me ya gani ba zai yarda da idonsa ba, in ya ga laifi zai ce tsoro ne, in bai gani ba zai ce son kai ne.

Bayan sadakar arba'in ya ga in bai sani ba zai haukace. Ya samo wata akori-kura da igiya, da sassafe suka ɗaura motar. Inna Hindu ta ji motsi ta fito da sandarta har zaure, ta ce, "Ina za a kai ta?"

Ya ce, "Bakura, Inna. Za a duba ta."

Ta ce, "To, a duba. In an duba ka zo ka faɗa mani."

Murtala mai na'ura mutum ne kakkaura da ya ba arba'in baya, a Kaduna ya koyi aiki, kuma duk dariyar da Malami ke yi masa ta sha zuwa kunnensa. Amma da ya ga wanda ya sauko daga akori-kura, ya ga farar motar da huda a gilashi, sai ya goge hannu a wando ya taho da sauri ya rusuna. Suka gaisa, ya gida, ya iyali, ya zafi, ya aiki, sannan ya yi masa ta'aziyya ya ƙara da addu'a mai tsawo. Bai tambayi abin da ya kawo sarkin kunne wurinsa ba.

Malami ya ce, "So nake ka duba mani abin da ya kashe ta a hanya. Kada ka ji kunyata, duk abin da ka gani ka faɗa."

Batir ya daɗe da mutuwa, Murtala ya sa nasa. Ya durƙusa ya jona wayar na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ɗan latsa, ya girgiza kai. Ya ce da batirin bai mutu ba da ƙwaƙwalwar ta riƙe laifin da ta gani ranar, amma yanzu ta shafe komai. Sai dai a bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara da mai. Ya zuƙo kaɗan daga tanki a gorar ruwa, ya ɗaga ta a rana, suka duba tare. Mai garau, babu ruwa a ƙasa, babu datti. Ya jona ma'auni a bututun mai ya murɗa makulli, allura ta hau inda ya kamata ta tsaya cak, famfon mai ba shi da laifi. Ya bi babbar robar da ke kawo iska da yatsunsa yana lanƙwasa ta ko akwai tsaga, babu. Ya cire ta ya leƙa cikin maƙogwaron da tocila, ya tura faifan da yatsa ya saki, ya koma da kansa ƙwas, ba datti ba maƙalewa. Ya bi wayoyi har inda suka shige, yana jan kowace a hankali, ɓera bai taɓa ko ɗaya ba. Duk wanda aka wanke daga laifi sai Malami ya ji kamar an cire masa dogari guda, don da su yake ta kare kansa kwana arba'in.

Murtala ya ce, "Saura sansa, Oga."

Ya buɗe makulli bai tayar ba, ya miƙa wa Malami na'urar ya nuna masa wata lamba a fuskarta. Ya ce wannan lambar ita ce abin da sansa ke faɗa wa ƙwaƙwalwa. In ana taka totur a hankali, ita ma ta riƙa hawa a hankali, ba tsalle ba faɗuwa. Ya sa hannu ya fara danna totur ɗin. Malami ya riƙe abin da ya sha yi wa dariya yana kallo. Goma, sha biyar, ashirin, talatin, haka ta yi ta hawa sumul har ƙarshe, ta sauko sumul. Suka maimaita sau uku, haka. Aka tayar da mota, ta tashi ta zauna daram.

Murtala ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce, "Oga, ni dai ban ga laifi ga motar ga ba. Ƙaddara ce kawai, Allah Ya jiƙan shi."

Wayyo, daɗin da Malami ya ji a lokacin bai taɓa jin irinsa ba. Ji ya yi kamar an sauke masa buhun gero daga ƙirji, har ya ji yunwa, karon farko tun rasuwar. Ga shaida, ga na'ura, ga mutumin da ba shi da dalilin yi masa kara. Ya ce alhamdu lillahi, ya juya zai kira mai akori-kura su ɗaura igiya. Ya yi taku uku ya tsaya. Hantsi ne yanzu, motar a inuwa take, kuma ko minti biyar injin bai yi yana aiki ba. Alhaji Tukur ai bai ce da safe take yi ba. Babu wanda ya san wannan magana a duk Bakura sai shi, in ya yi shiru shi ke nan an rufe. Duk da haka ya juya ya dawo.

Ya ce, "Murtala, bar ta ta yi zafi."

Suka rufe bonet, suka tura ta tsakiyar rana, suka bar ta tana aiki har aka yi kiran azahar. Suka yi salla suka dawo, bonet ya yi zafin da ba a iya ɗora hannu. Murtala ya ce gara a hau hanya, don inji a tsaye daban, inji da kaya daban. Ya zauna a gefe da na'ura a cinya, Malami ya shiga kujerar direba. An wanke kujerar amma ba ta fita duka ba, kuma an ja ta baya daidai tsawon ƙafar Mamuda, shi kuwa bai iya matso da ita ba, sai ya miƙa ƙafa haka nan.

Suka kama hanyar Dakko, gonaki hagu da dama duk a share ana jiran ruwa. Murtala na karanta lamba da ƙarfi. Ashirin, ashirin da biyar, talatin. Can sai ya ce, "A'a!" Motar ta ɗan yi tari ta ci gaba. Ya ce lambar ta faɗi sifiri ta dawo. Ya matso da fuska kusa da na'urar, aiki ya ɗauke masa hankali ya manta wanda ke gefensa, ya ce, "Oga, take ta duka lokaci guda, kamar ana bin ka."

Malami ya take har ƙasa. Motar ta fizga, ta sake fizgawa, ta mutu. Ta gangara kaɗan ta tsaya a tsakiyar hanya, ba ka jin komai sai ƙarfe na ƙas-ƙas don zafi. Ya murɗa makulli, ta yi gurnani ba ta kama ba. Ya sake, ya sake, ya sake, bai ma san yana yi ba sai da Murtala ya riƙe masa hannu ya ce zai kashe batir.

Murtala ya fita ya ɗaga bonet da tsumma. Ya ce ga ta nan, lambar sai tsalle take tsakanin sifiri da ɗari, ƙwaƙwalwar ta rasa wacce za ta kama. Cikin sansar ya cinye, in da sanyi tana haɗuwa, in ta ɗau zafi sai ta saki. Ya sunkuya ya ƙura wa notin ido, ya shafa su da yatsa, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Oga, zo ka gani. An taɓa notin ga ba da daɗewa ba, ga sawun ƙarfe. Sansar ga ma ba ta motar ga ba ce, ta tsufa ta fi duk abin da ke kewaye da ita. Wane mara imani ne zai ɗaura wa motar haya wagga, motar da ke bin hanyar Gidan Goga?"

Malami na tsaye a bayansa, ya ce, "Ni ne."

Murtala ya ɗago a hankali. Can ya ce, "Oga, ka yafe ni, ban sani ba. Ai komi sai da ikon Allah, ko da sabuwa ce in kwana ya ƙare..."

Malami ya ce, "Na sani. Motoci biyu sun wuce."

Murtala ya koma gaban inji. Da ma ya sako sabuwar sansa a aljihu don gwaji, ya ciro ta daga leda, ya kwance noti biyu, ya zare waccan, ya ɗaura wannan, ya jona waya. Malami na kallo, kuma bakanike ba ya iya hana kansa lissafin lokaci, aikin bai kai minti goma ba. Aka murɗa makulli, mota ta tashi. Murtala ya take ta har ƙasa sau biyar a cikin zafin nan, ta amsa kowane taku.

Malami ya sallami mai akori-kura ya tuƙo ta da kansa. Daga Bakura zuwa Mafara, daga Mafara zuwa Maradun, ko tari ɗaya ba ta yi ba. A hanya ne kukan da ya riƙe kwana arba'in ya ɓalle masa, yana tuƙi yana kuka da murya kamar ƙaramin yaro, iska na shigowa ta hudar gilashi tana dukan fuskarsa. Baƙin cikinsa shi ne lafiyar motar, da ma ta ba shi wahala ko kaɗan da ya ji sauƙi.

Bayan la'asar ya iso. Ya yi sallama ya shiga, ya tarar da Inna Hindu zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, Bilkisu na can cikin ɗaki tana takaba. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa kaɗan ya gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Mafara.

Ta ce, "Tun daga bakin masallaci na ji kukanta. Sai da gabana ya faɗi, na ce ga shi nan ya dawo." Ta share ido da gefen mayafi. "Mutane suna ta faɗin wai motar ce ta mutu da shi. Ni na ce masu ƙarya ne. Ran Alhamis ɗin nan da ya dawo ya ce mani ta yi mashi tari a hanya. Na ce to gobe kada ka fita, mai da ita Mafara a duba. Sai ya yi dariya ya ce, 'Inna, shekaranjiya fa Yaya ya duba ta. Motar da Yaya ya taɓa ba ta mutuwa a hanya, man da na sha ne ba shi da kyau.' Ni ma da na ji haka sai hankalina ya kwanta, na bar shi ya tafi. To, mi anka gani?"

Ƙarya ɗaya ce tsakaninsa da fita lafiya, kuma Mamuda ma ya riga ya shirya masa ita, ya ce mai ne shi ke nan. Malami ya kalli tsohuwar nan da ta rame ta zama kamar kara, ya ga cewa a kan hannunsa ta jingina duk haƙurinta. Ya sunkuyar da kai ya faɗa mata komai, tun daga zuwan Alhaji Tukur har abin da ya faru a hanyar Dakko. Bai rage ko amsar da ya ba Mamuda ta taga ba.

Carbin ya tsaya a hannunta. Kaji na ta tono a tsakar gida.

Ta ce, "Sabuwar, babu ita ne a ƙasar ga?"

"Akwai, Inna. Gusau."

"Sa ta fa, aikin kwana nawa ne?"

Ya ce, "Minti goma ne, Inna."

Ta ce, "Minti goma." Ta sake cewa, a hankali, "Minti goma." Sai ta juya fuskarta ga bango. Malami ya matso da gwiwa yana cewa ta yafe masa, ta yafe masa don Allah. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ni na haife ka, ba ni yi maka baki, kuma na san zan yafe maka. Amma ba yau ba. Tashi ka ɗauke ta daga ƙofar gidan nan, kada in ƙara jin kukanta."

Ya tashi ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Ya buɗe motar ya sa makulli, har ya kama zai murɗa sai ya saki. Ya cire ta daga giya, ya fito ya sa kafaɗa a jikin ƙofa, hannu ɗaya a sitiyari, ya fara turawa. Lungun yashi ne, tayoyin na nutsewa, ga shi ya kwana biyu bai ci abin kirki ba. Maƙwabta biyu da ke zaune a dakali suka taso suna cewa, "Subhanallahi, Malami, ta sake mutuwa ne? Bari mu kama maka." Ya girgiza masu kai bai dube su ba, suka tsaya suna kallonsa. Haka ya yi ta tura ta shi kaɗai, gumi da hawaye na zuba, ya wuce dakali, ya wuce masallaci, ya sha kwana, ya ƙara gaba har bakin titi. Sai da ya tabbatar Inna ba za ta ji ba sannan ya shiga ya murɗa makulli, ta kuwa tashi da bugu ɗaya.